Takardar Injiniya

Tun da bangon ɗakin baya ya tsage har hannu na shiga, Malama ta san ranar nan na tafe. Injiniyan da aka turo ya zagaya gidan mahaifinta yana ƙwanƙwasa ginshiƙai da ƙaramar guduma, sannan ya miƙa takarda da Turanci, ya ce a sa hannu, yana jira a mota.

Yayanta direba ya riga ta karɓa, ya duba sama-sama.

"Gyara ne kawai, Baba. Za su liƙe tsagar su shafa fenti."

Mahaifin nasu tsohon magini ne, kowane bulo na gidan shi ya ɗora da hannunsa. Har ya miƙo babban yatsa zai dangwala, Malama ta zare takardar. Idonta ya sauka kan kalma ɗaya, rebuild.

Yaya ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ki yi shiru, kin san hawan jininsa. Bari ya dangwala tukuna."

"Ƙus-ƙus ɗin me kuke yi?" in ji tsohon. "Ke 'yar boko, karanta mini."

Yaya na ta harararta. Ta durƙusa kusa da kujerar.

"Baba, ba gyara aka rubuta ba, gyara kalmarsa daban. Wannan tana nufin sake gini. Ana faɗinta ne in abu ya rushe, ko in sai an rushe shi."

"Har ƙasa?"

"Har tushe, Baba."

A waje injiniya ya danna hon. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ture hannun da Yaya ya kawo masa, ya nufi ɗakin baya. Suka bi shi, Malama na kallon yadda yake numfashi. Ya zura yatsa cikin tsagar ya kankaro, simintin ya zubo kamar toka.

"Shekarar da na yi bangon nan na cika yashi," ya ce a hankali. "Ko uwarku ban taɓa gaya wa ba."

Ya karkaɗe hannu.

"Kira mini injiniyan. Zan dangwala, amma ba a kwaɓa ko shebur ɗaya ba na wurin. Kai kuma mai Turancin bakin tasha, fara kwance gadaje."

Sai a lokacin Malama ta zauna a bakin ƙofa.