Fankar Motar Mannir

Mannir yana lodin fasinja a tashar Tsafe yayarsa Adama ta kira shi ta ce Inna ta cika. Ta ce za a jira shi a Bungudu har bayan la'asar, daga nan kuma sai haƙuri, ba a ajiye gawa don mutum ɗaya. Ya sauke fasinjojin, ya kama hanya shi kaɗai.

A buɗaɗɗiyar hanya motar lafiya lau take gudu. Amma da ya shiga cunkoson Gusau, sai allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga gaba. Ya tsaya ta huce, ya ɗura ruwan leda a lagireto, ya ɗan taɓa tafiya, ta sake tafasa. 'Yan kabu-kabu suna ta wuce shi, ko wanne zai iya kai shi gida. Sai dai direba, ka san halinsu, gara ya kwana a titi da a ce ya yar da motarsa ya hau babur. Kullum gani yake saura kaɗan ta gyaru.

Da ƙyar ya lallaɓa ta garejin Malam Buba bakanike. Malam Buba ya ji labarin, ya ce motar da ke sanyi a guje ta yi zafi a tsaye, fanka ce ba ta juyawa, iskar hanya ce ta rufa mata asiri tun daga Tsafe. Ya duba fis, lafiya. Ya ja waya daga batir kai tsaye zuwa fankar, nan take ta ɗauka. Ashe wani ɗan makunni ne mai kamar kwalin ashana ya ƙone. Ya sa wani, ya rufe bonet. Gyaran duka bai kai tsawon alwala ba, abin da ya fi ƙona wa Mannir rai ke nan.

A bakin unguwarsu ya haɗu da maza suna dawowa, da fartanya da makara babu kowa a ciki. Ya kashe mota. Kawunsa ya leƙo ta taga, hannunsa duk jar ƙasa.

"Mun jira ka, ɗana, har liman ya yi magana," in ji shi. "Ni na kama mata kai a madadinka."