Waken da Larai Ta Rufe a Kwando

Shekara goma sha tara Larai tana girki a gidan Hajiya Aishatu a Nassarawa, ba a taɓa tauna ɗanyen wake a abincinta ba. To, ranar da surukan Rahma, babbar 'yar gidan, za su zo cin abincin rana, a ranar ne Nabiha auta ta ga damar shigo da sabon salo. Kwando ta kawo, an shimfiɗe cikinsa da auduga da tsohon bargo.

"Baba Larai, in wake ya tafasa minti goma sha biyar ki sauke, ki sa tukunyar a nan ki rufe. Zafinsa zai ƙarasa shi. Gas ya huta, ke ma ki huta."

"Wake? Ba wuta? Ke 'yar nan, wa bargo ya taɓa dafa wa abinci?"

"Ke dai kar ki buɗe sai an kira azahar. Kina buɗewa zafin ya gudu."

Hajiya ta goyi bayan 'yarta, dole Larai ta yi yadda aka ce.

Amma fa zama ya gagara. Ai kun san mai girki da kunne take aiki, ga kicin ya yi tsit. Ta goge tebur. Ta sake gogewa. Ta fita shanya a igiya, tunda injin busar da kayan ma Nabiha ta ce rana ta fi shi. Zani biyu kacal ta shanya ta dawo da sauri. Ta durƙusa ta kara kunne jikin kwando, ko motsi. Ta kai hannu kan bargon, ta janye. Uwar mijin Rahma take ta gani a ranta, matar da sai ta latsa wake da yatsa kafin ta kai baki.

Ɗaya saura kwata haƙurinta ya ƙare. Ta auno wani waken, ta jefa kanwa, ta ɗora a gas, ta ƙure wuta, ta tura ƙofa.

Ƙamshi ne ya tona mata asiri. Nabiha ta leƙo.

"Baba Larai! Tukunya biyu?"

"Ta bargon taki ce. Wannan ta mutuncina ce."

Ana kiran salla motar baƙi ta shigo. Larai ta ɗebo na gas ta tauna: ruwa ya tsotse, tsakiya garas-garas. Babu sauran dabara sai kwando.

Ta yi bisimilla ta yaye bargon, ta ɗaga murfi, tururi ya daki fuskarta. Ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta latsa, sai ga ta lugub. Ta sake ɗauko wata daga can ƙasa, don ba ta yarda ba. Ita ma haka.

"To, yaya?" in ji Nabiha, tana danne dariya.

Larai ta miƙa hannu ta kashe gas.

"Ke miƙo min kwano, mutane na jira. Kuma wannan kwandon naki ya yi ƙarami, babbar tukunyata ba za ta shiga ba."