Kurciyar Malam Badamasi

Safina ta sauka a tashar Bagudo ƙafafu a kumbure, ta hau babur zuwa Bahindi, ta tarar har an gama yanke hukunci: kurciya aka yi wa mahaifinta.

Malam Badamasi, tsohon ɗan kasuwar shinkafa, ya tsiri fita ba sallama. Sai ya saɓa buhu wayam ya nufi iyakar Benin, wai zai ci kasuwa, kasuwar da rabonsa da ita tun Safina tana firamare. Ƙaninsa Sambo ne ke bin sawu ya dawo da shi, kuma alherin nan shi ya jawo masa zargi. Ta yaya kullum shi ke sanin inda aka nufa? Ga gonar fadama da suka gada tare. Shamsu, yayan Safina, ya rantse Baffa Sambo ba zai ƙara taka gidan ba.

Abin haushin, ciwon mantuwa irin na mahaifinta shi ne aikin Safina a ɗakin binciken jami'a, shekara da shekaru. Akwai wani sinadarin jiki, furotin, da kan dunƙule a ƙwaƙwalwa kamar gudajin kunu, mutum ya fara mantuwa, hanyar gidansa ta ɓace masa. Ita ta haɗa wani rini da ke manne wa gudajin, in an haska shi a na'ura ya yi kore shar. A ƙwaƙwalwar ɓeraye dai, tukuna. Ta ci idonta a ɗaki mai duhu tana kallon ɗigon kore, ga shi yau uban da ya haife ta yana tambayar ta ko ɗiyar wa ce.

Bayan la'asar ta zaunar da mahaifiyarta Inna Mariyamu da Shamsu a tsakar gida, ta buɗe hoton ɗigon koren a wayarta. Ta yi bayani har bakinta ya bushe. Ta ce alamun Baba duk na wannan ciwon ne, a kai shi likita ya duba. Ta ce Baffa yana gane hanyar ne don tare suka yi fatauci a kanta. Shamsu ya yi tsaki, ya ce shi ubansa ba ɓera ba ne, ya shuri takalmi ya fita.

Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo. Mace ce da ta gaji. Ita ke wanki, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke tsaron ƙofa. Safina ta ga alamar ta gane, har zuciyarta ta fara sanyi.

"Na ji, ɗiyata," in ji Inna. "Kurciya ana karya ta. Wanga naki fa, ana karya shi?"

Safina ta so ta yi ƙarya, wallahi ta so.

"A'a, Inna. Nuna shi kawai mukai."

Inna ta miƙa mata wayar, ta gyara ɗaurin zane.

"To bar min kurciyata."

A daidai nan aka yi sallama a zaure. Muryar Baffa Sambo ce, ya zo duba yayansa. Inna ba ta amsa ba. Safina ta jawo mayafi, ta tashi da ƙyar, ta tafi ta gaya masa ya koma gida.