Jajayen Kajin Hajjo

"Ka ce kada ruwa shi taɓa su? To mi za su sha, Maccido? Shayi?"

"Ke dai matar yaya, bakinki bai mutuwa," in ji Maccido, yana sauke kwandon daga bayan kekensa. "Sha dai su sha. Jikinsu nic ce miki. Ko ɗigo guda ya sauka bisa gashinsu, sanyi ya kama su, sai gawa. Kajin Turawa na, ba irin 'yan bolan da kinka saba gani ba."

Hajjo ta durƙusa gaban kwandon, ta ɗaga tsumman da aka rufe shi da shi. Kaji biyar, jajaye wur kamar garwashi, suna ƙifta mata idanu. Ba ta taɓa ganin kazar gidan gona ba, labari kawai take ji, amma duk mai ba da labarin da ja yake farawa. Ta miƙa hannu ta shafi bayan ɗaya a hankali, yadda ake shafar kan jinjiri. Da ta janye hannun, sai ta ga tafinta ya yi ja-ja.

"Wanga hwa?"

"Maganin ƙuma na, na Turawa. Ki bar yawan taɓa su."

"Kuma na gan su ƙanana."

"Ke da anka haife ki, haka kike da tsawo? Ki ba su abinci ki gani."

Ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar Mode. Mijin nata baduku ne, mai rina jar fata, kuma Maccido ƙanensa ne, shi kaɗai namijin da ya rage a gidan. Da ta fita takaba aka zauna rabo, Maccido ya kwashe tukwanen rini da wuƙaƙe da fatu, wai 'ya'ya mata ba su da abin yi da su. Aka bar mata ɗaki, da 'ya'yanta biyu, da jar akuya guda. Aka kuma yanke magana a gabanta kamar ba ta wurin: idan damina ta kama ba ta iya ciyar da yaran ba, babbar, Ni'imatu, za ta tafi riƙo Kwalkwalawa wurin gwaggonta, ƙaramar, Ashatu, ta koma gidan Maccido, ita kuwa Hajjo ta san inda ta fito.

Inna Bara'atu, dillaliyar unguwa, ita ta kawo mata zancen kajin. Ta ce can gidan gona, bayan gari, an haɗa zakaran Turai da kazar ƙasa, an sami ruwa-biyu masu jure zafin Sakkwato, masu ƙwai kusan kowace safiya, ƙwai manya da kukun Turawa da akawunan Sabon Gari ke nema ido rufe. Sai dai gidan gona ba ya sayar wa mace. Sai magidanci mai biyan haraji. Shi ya sa Hajjo ta kwance akuyar da hannunta, ta miƙa wa Maccido igiyar ya sayar ya sayo mata kajin, ta juya baya don kada ta ga fitarta.

* * *

Wanda bai ga yadda Hajjo ta karɓi baƙin nan ba, bai ga karɓar baƙi ba. Ta kwaɓa ƙasa da kanta ta gina musu akurki a gindin katanga, inda inuwa ta fi daɗewa. Ta zuba toka a ƙasansa. Da ta rasa bunun rufi, sai ta yaye tabarmar gadonta ta shimfiɗa a sama, ta danne da duwatsu, ita ta koma kwana kan tsirarar karan gado. Ruwan sha kuwa a ɗan kasko mai ƙaramin baki take ba su, tana tsaye a kansu, kada wata ta tsoma ƙirji.

Ba ta san abin da kazar Turawa ke ci ba, kuma babu wanda za ta tambaya. Ta ba su dusa, suka watsar. Ta ce ƙila dusa ta yi musu ƙasƙanci, ta rage geron furar yara ta ɓarza musu tsaki. Ta haƙo musu gara da sassafe. Har ganyen zogale ta yanka musu, don ta ji an ce Turawa mutanen ganye ne. Bazara ta yi tsanani, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kajin suna buɗe baki suna haki, ita kuwa tana tsugune da maficinta tana yi musu fifita, gumi na bin wuyanta.

Kowace safiya takan zura hannu cikin akurkin da bismilla, ta laluba kusurwa-kusurwa, ta fito da shi wayam. Sai can wata rana ta taɓo ƙwai guda. Ta fito da shi da sauri, sai ga ɗan abu fari, wanda in ta dunƙule hannu ba a ganinsa. Ta tara irinsa 'yan kaɗan ta ba Inna Bara'atu.

"Kukun ya riƙe shi da yatsa biyu," in ji dillaliyar da ta dawo, tana ajiye ƙwaryar. "Yac ce in gaida tantabarar."

Ran nan Hajjo ta tare Maccido da ya leƙo. Yana sanye da sabuwar riga, yana sauri, wai akwai taro kan bikin 'yancin kai, motar lasifika ma tun hantsi take zagaya gari.

"Maccido, kajinga sun ƙi girma, sun ƙi ƙwai. Guda ma ta hau kwanci, kai ko ka ce ba su kwanci."

"Ba su saba da ke ba. Kazar Turawa sai ta san mai ita."

"Na ba su abincin ɗiyana, na ba su tabarmata. Mi ya rage, in goya su?"

"Goya su mana, ai bayanki ya huta." Ya yi dariya ya taka keke. "Ki yi haƙuri, matar yaya. Ana karɓar ƙasa, har almuru sai kin gaji da tsintar ƙwai. Ki dai kiyayi ruwa!"

Ta tsaya tana kallon ƙofar. Gabas ta fara haɗa gira da yamma-yamma, kuma kowane gajimare da ya taso, Hajjo ji take kamar ƙafar masu zuwa ɗaukar 'ya'yanta ce.

Duk da haka matan unguwa ba su daina shigowa kallo ba. Wadda ta fi kowa zuwa ita ce Kande, mai dakau, wadda nata mijin ya tafi cin rani shekara uku ke nan babu ko saƙo. Takan tsuguna da goyonta gaban akurkin, hannuwanta duk kanta, ta yi ta kallo kamar mai kallon wata.

"Yaya Hajjo, in na sai da tasoshin aurena, ki ba ni biyu? Na gaji da turmi. Ƙirjina ciwo shikai."

"Bari su fara ƙwai tukuna," Hajjo takan ce, tana kawar da kai.

* * *

Ruwan fari ya zo da la'asar. Iska ce ta fara, ja, mai yashi, ta kaɗa ƙyauren gida, ta kifar da ƙore. Hajjo tana tura yara ɗaki ta ji duwatsu sun faɗi. Ta waiga, sai ga tabarmarta a sama, tana juyi kamar shirwa, ta haye katanga ta tafi. Kafin ta kai akurkin, sama ta ɓalle.

"Wayyo Allah, kajina!"

Ta yaye mayafinta ta baza a kansu, ruwa ya ratsa shi nan take. Ta rarumo biyu ta rungume a ƙirji, ta sunkuya a kan sauran, ta mai da bayanta rufi. Ruwa na dukanta, tana addu'a, tana jiran ta ji sun sandare a hannunta. Da ta duba ƙasa, sai ta ga ja yana gangara daga damatsanta, yana bin zanenta, yana taruwa a ƙafafunta. Ta ƙwalla ƙara, ta zaci jini ne. Ta ɗaga fiffike tana neman rauni, babu. Ta murza gashin da babban yatsa, sai fari ya leƙo daga ƙarƙashi.

Sannan warin ya iso hancinta. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba. Fiye da shekara goma tana daka wannan abin a turmi, tana tace ruwan toka, tana wanke shi daga rigunan Mode. Karan dafi ne, jan da ake rina fata da shi. A bushe ya ɓoye mata, ko kuwa ita ce ta ƙi ji. Yanzu da ya jiƙe, sai ga mijinta tsaye cikin warin, hannuwansa ja har gwiwa, yana murmushi. Da tukunyarsa aka yi mata wannan.

Ta saki kajin. Suka girgije, suka ruga gindin rumbu, suka hau tonon ƙasa, ko atishawa babu wadda ta yi. Hajjo ta zauna daɓas cikin taɓo, tana kallon jan ruwa yana ratsa tsakar gida, yana fita ta rariya zuwa titi.

* * *

Ruwa na ɗaukewa Inna Bara'atu ta shigo tana tattare zane. Ta dubi kajin, dabbare-dabbare, wata fara da jan wuya, wata wake-wake. Ba ta yi salati ba, kuma rashin salatin ne ya sa Hajjo ta ɗago kai.

"Inna, kin sani."

Tsohuwar ta zauna kan turmi. "Sani dai ban sani ba. Amma na shiga gidanshi kai kaya, na ga wasu kaji bayan ɗaki, manya, awa agwagi. Na ga ƙwai cike da akushi."

"Akuyata ta, da ita ya sawo su."

"Ita ta."

"Kika yi shiru."

"In ce mi? Shi na baffan ɗiyanki, Hajjo. Shi za shi ba da su aure. Kin kunyata shi yau, gobe da asuba ya aiko a kwashe su, wa za shi hana? Mu mata haɗiyewa mukai." Ta matso, ta rage murya. "Saurara. Ba dut ta ɓaci ba. Ba ki da sauran karan dafi?"

Idon Hajjo ya tafi kan rufin ɗaki, inda wani ɗan dami ke soke tun Mode na da rai.

"To. Ke kin fi Maccido sanin haɗi, naki ba shi zuba da wuri. Ki mai da su yadda suke. Kande ta sai da rabin tasoshinta, ni na sai da mata su. Ki ba ta biyu, in samo miki masu sayen ukun. Ki sai gero, ki wuce damina da ɗiyanki. Kowa haka shika yi."

Indararo na ta ɗiga. Daga ƙofar ɗaki Ashatu ta leƙo, yatsa a baki. Hajjo ta dube ta, ta dubi damin. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda hannunta ya riga ya tuna aikin: yawan tokar, ɗumin ruwan, inda za a fara shafawa. Kafin magariba za ta gama. Kafin a gane, damina ta yi nisa. Ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta zaro damin, ƙura na zubo mata a fuska. Ta fito da shi a hannu.

"Salamu alaikum. Yaya Hajjo, ruwa bai taɓa su ba dai?"

Kande ce a bakin zaure, jiƙe sharkaf, goyo a baya, ta ƙulle wani abu a bakin zane ta riƙe shi gam. Ba ta ko tsaya fakewa ba, ta taho duba kajin da ba nata ba.

"Ce mata ta dawo gobe," Inna Bara'atu ta raɗa.

Hajjo ta dubi ƙullin da ke hannun Kande. Haka ita ma ta riƙe igiyar akuya. Ta sunkuya a hankali ta tura damin cikin murhu, ƙarƙashin tukunya, ta jawo babbar ƙwarya ta kafa a bakin indararo.

"Shigo, Kande. Mai da ƙullinki ciki, ki kamo min waccan."

Kande ta shigo, ta ga kajin, ta tsaya baki buɗe. Ba wanda ya yi mata bayani. Ta kamo kazar ta miƙa, Hajjo ta tsoma ta cikin ƙwarya, ta shiga cuɗawa. Ruwan ya yi ja, ta zubar, ta tari wani. Kazar ta fito fara fat, 'yar ƙarama, ƙashin ƙirjinta a waje, tana rawar sanyi a tafin hannu.

"Hajjo, ki tuna da ɗiyanki," in ji tsohuwar.

"Su nike tunawa, Inna." Ta ajiye kazar, ta miƙa hannu a ba ta ta biyu. "Sai na wanke su tas. Gobe da hantsi, in zaurenshi ya cika da mutane, ni za ni ɗauke su bisa kaina in kai mishi abinshi, in ɗauko nawa."