Wankin Ƙafar Mama

Likita ya ce idan gyambon da ke ƙafar Mama bai fara warkewa ba, sai dai a yanke ƙafar. Ya nuna musu yadda ake wankewa, yana ta nanata wata kalmar Turanci yana buga yatsa a tebur. Baba ba ya jin Turanci, amma ya ji bugun yatsan.

Da suka koma gida ya sa 'yarsu Auta ta duba kalmar a waya.

"Wai sosai da sosai. Ko tsaf. Ko kuma ba sassauci, ba ɗaga ƙafa."

"Ba ɗaga ƙafa?" in ji Mama daga kan katifa. "To ta ina za ku wanke?"

Aka yi dariya. Sai dai Auta ce mai wankin, kuma da Mama ta ce wash, sai Auta ta shafa auduga sama-sama ta naɗe. Ba a jima ba ɗakin ya fara wari.

Baba mai wanki da guga ne. Ya san dattin da aka tausaya wa a wuyan riga, shi ke cinye rigar. Ya rufe shago da wuri, ya yanke farce, ya wanke hannu har gwiwa, ya jawo kujera.

"Miƙo nan."

"Malam, ni fa ba riga ba ce."

"Da riga ce ke, da tuni na shanya ki. Riƙe kafaɗata."

Ya bi gyambon lungu-lungu. Farcenta ya nutse a kafaɗarsa. Ta kira shi mugu, ta ce dama iyayenta sun faɗa mata. Bai ɗago ba, don kada ta ga idonsa.

Kullum haka, har wata safiya da kukanta ya karya masa zuciya. Ya tsallake wani gefe, ya ɗauko bandeji.

"Malam," in ji ta, tana shan majina. "Ka bar wuri. Can wajen diddige."

Ya ajiye bandejin ya koma.

Ranar komawa asibiti likita ya kwance ƙafar, ya daɗe yana duban jan naman da ya fara cikowa. Ya dubi Baba ya sake faɗin kalmar nan, wannan karon da murmushi, ya ƙara wasu maganganu.

"Me ya ce?" Baba ya tambayi Auta a bakin ƙofa.

Mama ta riga ta. "Ya ce ka saya mini takalmi. Hagu da dama."