Salansar Nu'uman

Dabo na tsugune yana wasa wuƙa a kan dutse sai ya jiyo motar Nu'uman tun daga kwana. Bai ɗaga kai ba. Shekara ashirin da biyu shi ke ɗaura salansar duk motar da Nu'uman ya ja a layin Daura zuwa Mashi, ya san kukanta kamar yadda ya san tarin matarsa. Yau kukan ya sauya. Wani hannu ya taɓa ta.

Nu'uman ya tsaya, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Baba Dabo, an tashi lafiya? Leƙa ka ga aikin zamani."

"Aikin wa?"

"Kalilu mana."

Kalilu shi ne wanda ya dawo daga Kano bara, ya buɗe gareji a tsallaken titi, daidai saitin rumfar Dabo. Yana da ramin duba mota, da injin walda mai janareta, da allo mai fenti. Direbobi sun koma can ɗaya bayan ɗaya. Dabo bai taɓa cewa uffan ba, muddin Nu'uman na kawo masa mota.

Ya tashi da ƙyar, ya zagaya bayan motar, ya sa ƙafa ya tura bakin salansar. Ko motsi. Ya durƙusa. An cire robobin taya uku da ya rataye ta da su, an sa rodi an yi mata walda da jikin mota, ƙam.

"Ka gani?" in ji Nu'uman. "Taka kullum lilo take yi kamar jelar saniya. Fasinja har dariya suke mini."

Dabo ya san abin da ya gani. Inji rawa yake yi, dole bututun ya samu wurin bin rawar. In aka ƙame shi, a wuyansa zai tsage, can gaba kusa da inji, hayaƙi kuwa ya bi ramukan dandamalin motar ya shigo ciki. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya hango Kalilu a tsallake, ya riƙe ƙugu, motoci huɗu na jiran layi a gabansa.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Motar na ɓacewa ya jawo tsohuwar taya. Ya yanko robobi uku, ya huda su, ya goge ƙugiyoyi. Ya shimfiɗa buhun da yake kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota. Rabon da ya yi aiki da daɗin rai haka har ya manta. Mai fura ta zo ta wuce, bai ko kira ta ba. Yana ta shirya abin da zai ce. Ba zai yi faɗa ba. Cewa kawai zai yi, a matso da ita inuwa, yadda na tsallake zai gani.

Bayan la'asar ƙarar ta iso kafin motar, kamar injin niƙa. Masu shayi suka juyo. Nu'uman ya fito idanunsa jajir, rigarsa na warin hayaƙi.

"Baba, ta tsage tun kafin mu kai rabin hanya. Hayaƙi ya cika motar. Wata tsohuwa sai da muka shimfiɗe ta a gindin bishiya muna mata fifita. Na ɗauka ta tafi, wallahi."

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Danginta sun kusa cinye ni."

"Matso da ita inuwa."

Nu'uman ya juya zai shiga mota, sai idonsa ya faɗa kan buhun. Ya sunkuya ya ɗauki roba ɗaya. Yankan sabo ne, tsawon kuma na motarsa.

"Yaushe ka yanka waɗannan?"

Dabo ba ya ƙarya. "Da safe."

"Wato ka sani."

"Na sani."

"Mutum bakwai na ɗauka, Baba. A gabanka na ta da mota."

"Ba ka tambaye ni ba."

Nu'uman ya mayar da robar inda ya ɗauke ta, a hankali.

"Shi Kalilu bai sani ba," ya ce. "Kai ka sani."

Ya ta da motar, ta tsallaka titi tana ruri, ta hau kan ramin.

Dabo ya zauna a benci. Yana kallo Kalilu ya shiga ramin, ya yanke rodin, ya fito ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya zo bakin titi, ya ɗan rusuna, ya ɗaga murya saboda babura.

"Baba, don Allah! In na rataye ta da roba, tazara nawa zan bari tsakaninta da bodi?"

Nu'uman ya ba da baya, yana kallon bango.

Dabo ya dubi Kalilu. Sai da wata babbar mota ta gifta tsakaninsu ta wuce, sannan ya ɗaga yatsu biyu a haɗe, ya nuna masa faɗinsu.