Yadda Goggo Raewyn Ta Kori Ɗan Majalisa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba, domin Goggo Raewyn ta ce duk wanda ya sake tayar da zancen, to ya nemi wani wurin shan shayi. Amma tunda yanzu ita ma takan murmusa in an ambata, ga yadda aka yi.

Raewyn Stoddart tana da shagon shayi da soyayyen kifi da dankali a garin Puketea, dab da gada. Direbobin tankokin madara da na motocin katako su ne abokan cinikinta. Da ambaliya ta yi gaba da gadar, motocin suka koma zagayawa ta bayan duwatsu, shago ya rage daga ita sai mijinta Des sai ƙudaje. Hunturu ya wuce, wani ya sake zuwa. Ɗan majalisar mazaɓarsu, Lindsay Garrick, yakan zo bakin kogi ya girgiza kai, a ɗauke shi hoto, ya koma Wellington, babban birnin ƙasar.

In gada ba ta dawo ba, shago rufewa zai yi. Saboda haka da zaɓe ya matso, Raewyn ta ɗaura ɗamarar korar Garrick. Sai dai Garrick ɗan jam'iyyar manoma ne, wadda gidansu ke bi tun kakanni, ita kuwa ba ta jin hannunta zai iya juya wa jam'iyyar baya. Amma ai takardar zaɓe gida biyu gare ta: na hagu na jam'iyya, na dama na wanda zai wakilci mazaɓa. Nan ta ga mafita.

Gida gida ta bi, gona gona, har ɗakin tatsar shanu.

"Alamar hagu a ba jam'iyya, kamar yadda iyayenmu suka yi," take faɗa wa kowa. "Ta dama a ba yarinyar nan Awhina Colville, ko da ba tamu ba ce. Jam'iyya ba ta yi mana laifi ba. Garrick mai sanƙon nan ne ya yi."

'Yarta Bronwyn, wadda ke aikin jinya a birni, ta zo hutu ta tarar da wannan hidima.

"Mama, kin duba inda sunansa yake a jerin 'yan takarar jam'iyyar? Yana can sama. In jam'iyya ta sami ƙuri'u da yawa, da shi za a raba kujerun."

"Ke da jam'iyyarku ta masu tausayin kifin kogi za ki koya mini zaɓe? Ku nawa ne ma? Kun cika mota guda?"

"Ko ba mu cika ba, ƙuri'ata tana shiga lissafi. A zamaninku, kafin a canza tsarin zaɓe, da shara ta tafi."

Des ya sauke jarida kaɗan. "Ki saurari yarinyar nan, Rae."

"Kai kuma me ka sani? Tunda kake, ba ka taɓa zaɓen komai da kanka ba sai ni."

"Shi ya sa nake tsoron zaɓe," in ji Des, ya mayar da jarida kan fuskarsa.

Ranar Asabar aka yi zaɓe a zauren makaranta. Kafin a kwashe kwanukan cin abincin yamma, talabijin ta faɗa: Garrick ya faɗi, Awhina Colville ta ci mazaɓa. Raewyn ta kashe akwatin tun ba a gama bayani ba, don kada wani surutu ya rage mata daɗi. Ta kwana tana murmushi.

Da hantsi tana goge tebur, rediyo na karanto sunayen waɗanda za su shiga majalisa ta kason jam'iyyu. Sai ta ji Lindsay Garrick. Ta tsaya da tsumma a hannu. Des ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya ga gara ya zuba shayi a ciki.

Ranar Litinin sai ga Garrick da kansa a ƙofar shago, sanƙonsa na walƙiya.

"Raewyn, godiya na zo yi. Ba a taɓa tara wa jam'iyya ƙuri'u a Puketea kamar bana ba. An ce duk aikinki ne."

"Ranka ya daɗe, ta ƙofa muka fitar da kai. Wa ya bar maka taga a buɗe?"

"Ke mana," ya ce, yana jan kujera.

Raewyn ta ajiye masa shayi. "To, gada fa?"

"Ai babu gwamnati tukuna. Ba jam'iyyar da ta sami rinjaye, manyan biyu suna can suna zawarcin ƙanana. Masu kare koguna ma sun sami 'yan kujeru, yanzu sai abin da suka ce. Sai a yi makonni ana shan shayi kafin a shirya."

"Masu tausayin kifi?" in ji Des. "Bari in buga wa Bronwyn waya."

"Ka taɓa wayar nan ka gani," in ji Raewyn.

"Kuma ki tuna," Garrick ya ci gaba, "ba ni ne wakilinku ba yanzu. Maganar gada sai Awhina."

Ya shanye shayinsa ya miƙe. Har ya kai ƙofa, sai ya dawo ya rage murya.

"Ita Awhina ta leƙo nan tun bayan zaɓe?"

"Me ya dame ka?"

"Tambaya ce kawai. Kuma tsohon shagon askin nan, ana bayar da shi haya? Ina son ɗan ofis a garin. Shekara uku kafin wani zaɓe ai kamar gobe ce."

Raewyn ta bi motarsa da kallo har ta sha kwana. Ashe kujerar da aka ba shi ba ta ishe shi ba, wadda aka ƙwace yake so. Ita ma Awhina ba za ta so a ƙwace tata ba.

"Da ɗan majalisa ɗaya gare mu, babu gada," in ji Des. "Yanzu biyu gare mu, babu gada. An ci gaba."



Washegari da safe, tun ba ta ɗora ruwan zafi ba, ta buga wa Awhina waya ta ce Garrick zai zo bakin kogi ranar Alhamis da hantsi, shi da ɗan jarida. Ta ajiye, ta buga wa Garrick ta ce Awhina za ta zo. Sannan ta nemi lambar ɗan jaridar, ya zo ya ji wanda zai riga yin alƙawarin gada.